Daɓen aji: abin da na gani a tsakanin siminti, tayil da tarazo

Aikin farko da aka ba ni a wata makarantar firamare a Jos gyaran daɓe ne a ajujuwa uku, kowanne mita 7 da mita 8, wato murabba'in mita 56. Simintin ya farfashe, ya zama ramuka, ƙura na tashi duk lokacin da yara suka motsa benci. Da muka fasa sai muka tarar kaurinsa bai kai ɗan yatsa biyu ba, kuma a kan jar ƙasa kawai aka shimfiɗa shi, ba kankare, ba leda.

Shi ya sa yanzu ba na fara maganar tayil ko tarazo (daɓen siminti da ƙananan duwatsu da ake gogewa da inji) da mai makaranta sai mun gama maganar abin da ke ƙarƙashi. Ana zuba cikon ƙasa kashi-kashi, kaurin santimita 15, a yayyafa ruwa, a danne da inji kafin a ƙara wani. A jera duwatsu, a rufe da yashi, a fesa maganin gara, sannan a shimfiɗa leda mai kauri, bakin kowace ya hau kan ɗaya. Daminar Jos doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, in babu ledar nan danshi zai riƙa tasowa. A kanta ake zuba kankare na santimita 10 zuwa 15: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu.

Daɓen siminti zalla shi ne mafi araha, kuma yana daɗewa in an yi shi da gaskiya. Kwaɓin siminti ɗaya ne, yashi uku: buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, don haka kwano shida na yashin kogi ake haɗa masa. A kaurin santimita 4, aji ɗaya ya ci mana buhu 21. Inda birkila ke ɓata aiki shi ne yawan ruwa a kwaɓi, da barbaɗa busasshen siminti a sama don ya yi sheƙi. Wannan ɓawon ne yake ɓarewa. Sai shayarwa: kwana bakwai cur, safe da yamma, in lokacin hunturu ne a rufe da jiƙaƙƙun buhuna, don iskar tana shanye ruwan kafin simintin ya kama. Yashin da ya rage a wuraren haƙar kuza kuwa ba na karɓarsa komai araharsa, saboda yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki.

Tayil yana burge iyayen yara, amma a aji yana da matsala. Mai santsi yana kayar da yaro da zarar takalmi ya jiƙe. Ƙafar benci ta ƙarfe kuma tana fasa duk wanda ke da rami a ƙarƙashinsa. Nakan bi ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da makulli. Wanda ya yi amo kamar ganga, a cire a sake. In dole sai tayil, a sayi mai kaushi, a ƙara kashi 10 cikin 100 a ajiye, domin bayan shekara biyu da wuya a sami irin launinsa a kasuwa. Na santimita 60 da 60, mai guda huɗu a kwali, aji ɗaya zai ci kwali 43 har da na ajiyar.

Tarazo na fi ba da shawara ga aji da baranda. Ana raba daɓen gida-gida da siraran roba ko gilashi, kamar mita ɗaya kowane ɓangare, don in zai tsage ya bi layin. A zuba siminti ɗaya da ƙananan duwatsu biyu, a bar shi ya yi ƙarfi, a goge da inji, daga dutse mai kaushi zuwa mai laushi, a cike ƙananan ramukan da ruwan siminti, a sake gogewa. Kuɗinsa ya fi yawa a farko, aikinsa na da jinkiri, don haka sai a dogon hutu. Amma tsintsiya da ruwan sabulu sun ishe shi, kuma in ya dusashe gogewa kawai yake so. Kada a wanke shi da asid, yana cinye shi.

Aibinsa ɗaya a Jos shi ne sanyi. A Disamba da Janairu ƙananan yara da ɗaliban Islamiyya masu zama a ƙasa ba za su iya jurewa ba. A ajin rainon yara mun ɗora shimfiɗar roba mai kauri a gefen da suke zama, wadda ake naɗewa ranar Juma'a a wanke ƙarƙashinta.