Kunnen inji, da abin da ya raba ni da garejinmu na Agege

Ranar Asabar da ta wuce na kwashe akwatin sifanuna daga garejin da na yi shekara bakwai a cikinsa. Masu kirana suna tambayar dalili sun yi yawa, shi ya sa na ga gara in faɗa sau ɗaya.

Maganar ta faro ne daga wata Lexus RX300 ta wani Alhaji mai harkar shanu a Abbatuwar Oko-Oba, mutumin garinmu ne, ya san mahaifina tun suna samari. Ya kawo ta fitilar cek a kunne, ga shan mai, ga ta ba ta shiga giyar ƙarshe, in ya hau babban titi sai inji ya yi ta kuka babu gudu. Na jona sikana, na'urar da ke karanta matsalar mota, ta nuna lambar matsala P0330. Nok sensa ce ta ɓangare na biyu na injin.

Alhaji na jin "nok" ya dafe kai, ya ɗauka injinsa ne ya buga. Na kwantar masa da hankali. Bugun da kowa ke tsoro, wanda ke zuwa in baƙin mai ya ƙare ƙarfe ya ci ƙarfe, wannan daban ne. Ita wannan aba kunne ce. A ƙa'ida fulogi ke ba da wuta, wutar ta bi cakuɗen fetur da iska ta cinye shi a tsanake. Amma in fetur ba shi da kyau, ko inji ya ɗau zafi, ko gawayi ya taru a kan fistan, ragowar cakuɗen yakan fashe da kansa kafin wutar ta iso gare shi. Shi ne ƙarar nan mai kama da tsakuwa a gwangwani, wadda ake ji in mota na hawan gada da lodi. Sensar a ɗaure take a jikin bulok, a cikinta akwai ɗan tangaran da ke fitar da 'yar lantarki duk sanda ya girgiza. Da biren bos, wato kwamfutar motar, ya sami saƙon sai ya jinkirta wutar fulogi har ƙarar ta lafa, sannan ya riƙa mayar da ita kaɗan-kaɗan. In kunnen ya mutu kuwa, sai ya ja wutar baya ya bar ta can don kada fistan ya ji jiki. Daga nan mutuwar jikin motar da shan man suke fitowa.

Injin motar nan, 1MZ, sensa biyu gare shi, a binne cikin kwarin da ke tsakanin kawunan silinda, ƙarƙashin manifol, bututan da ke kai wa inji iska. Kafin hannunka ya kai sai ka zubar da ruwa, ka sauke manifol na sama da na ƙasa. Aikin yini ne. Maigidanmu, mai garejin, ya karɓi kuɗin sababbin sensa biyu da waya da gaskit. Alhaji na juya baya, Maigida ya ja ni gefe, ya ce in je wajen biren bos in yanke wayar mai matsalar in haɗa ta da mai lafiyar, kunne ɗaya ya yi wa biyu aiki. Na ce, "Maigida, ai an biya kuɗin kaya." Ya ce, "Kai ke biyan hayar filin nan?" Na yi shiru na haɗa. Fitila ta mutu, giya ta dawo.

Ba a cika wata biyu ba motar ta dawo da ciwonta. Wannan karon Alhaji ya sa aka ajiye masa benci, ya ce a gabansa za a buɗe. Da na ɗaga manifol, ga tsofaffin sensar nan da tsatsarsu, ga wayar zafi ya gasa ta, ina taɓa soket ɗin ya ruɓushe a yatsuna kamar ƙuli-ƙuli. Maigida ya leƙa, ya kama baki, ya ce, "Kai yaro, ina kayan da na ba ka kuɗi ka sayo a kasuwar Ladipo?"

Ban iya cewa komai ba. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗana, ban zata haka daga gidanku ba." Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. An yanke kuɗin kayan daga haƙƙina na wata uku, kuma har na bar wurin Maigida bai taɓa kirana ko a ɓoye ya ce in yi haƙuri ba. Ba na wanke kaina, hannuna ne ya yanke wayar. Amma wanda ya ci kuɗin ya san kansa.

Ni na je Ladipo da ƙafata na zaɓo kayan, na ɗaura su. Shekara guda ke nan, kuma yaron da ke tuƙa motar ya ce fitilar ba ta sake kamawa ba.

Ga ƙannena da na bari a can: in kun buɗe wurin nan, ku canza wayar tare da sensar, don sau da yawa ita ce mai laifin. Ku goge mazauninta tas, kada ku sa girisi ko washa a ƙarƙashi. Ku ɗaure da sifanar awo daidai yadda littafin motar ya ce, ba da ƙarfin damtse ba. Wadda ta faɗi a kan siminti kada ku yarda da ita. Kuma in inji na ƙara da gaske, ku duba lagireto da fetur kafin ku ɗora wa sensa laifi.

Na kama ɗan fili wajen Mile 12. Alhaji kuwa mun haɗu ranar Juma'a a bakin masallaci, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice ya wuce. Har yau bai san wanda ya ce a yanke wayar ba.