Kan Nono Na Zafi? Duba Kamun Jariri

Yawancin tsagewar kan nono da ke sa sabuwar maijego kuka daga yadda jariri ke kama nonon yake. Jariri ya cafki tsinin kawai, yana murza shi da dasashi. Ki juyo shi cikinsa ya manne da naki, ki shafa masa kan nonon a leɓen sama, ki jira ya wangale baki kamar mai hamma, sannan ki matso da shi. Haɓarsa ta taɓa nonon, leɓen ƙasa ya juyo waje, yawancin baƙin da ke kewaye da tsinin ya shige bakinsa. In zafi ya ci gaba, sa ɗan yatsa mai tsabta a gefen bakinsa ki zare, ki sake.

Dakashi kuwa, wato nonon farko bayan haihuwa, kada a zubar, ko da an ce datti ne. Kaɗan ne, amma cikin jariri ma kaɗan ne a ranar farko.

Wajen kwana na 3 nono kan cika ya yi tauri. Ki tatse kaɗan da hannu ya yi laushi, ki shayar da jariri sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Kada ki ba shi ruwa har wata 6. In kin ji zazzaɓi da jan kumburi mai zafi a nono, sai asibiti a ranar.