Faifan ajiya ya cika, kwafi ya tsaya

Yau da safe kwamfutar ofis ta fito da saƙon cewa faifan ajiya na waje mai terabait 1 ya cika. Abin da ya tayar min da hankali shi ne ranar kwafin ƙarshe: tun makonni da suka wuce aka daina ajiya, ba wanda ya lura. Haka File History, tsarin Windows mai ajiye kwafin fayiloli, yake. A tsarinsa na asali yana kwafar fayilolin da aka canza duk bayan awa 1, kuma ba ya goge tsofaffin, sai ya yi ta tarawa har wuri ya ƙare, ya tsaya.

Gyaran ba wuya. A shiga Control Panel, File History, Advanced settings. A "Keep saved versions" a zaɓi "Until space is needed", wato a riƙe tsofaffin kwafi har sai an buƙaci wuri, sannan a danna "Clean up versions" a share waɗanda suka haura shekara 1. Kar dai a buɗe faifan ana goge folda da hannu, nan ake asarar kwafi mai amfani. Time Machine, irin wannan tsarin na kwamfutar Mac, kam da kansa yake share mafi tsufa. Daga yau ranar kwafin ƙarshe zan riƙa fara dubawa duk Litinin.