Godiya ga duk wanda ya sa hannu a gyaran tsohon gidan silimarmu

Alhamdulillahi. Daren Asabar ɗin da ta wuce an sake kunna fitila a tsohon gidan silima na unguwarmu a nan Jos, yaranmu suka hau dandamali suka yi wasan kwaikwayo a gaban iyayensu. A madadin kwamitin gyara nake miƙa wannan godiya.

Matasanmu sun taso ne suna ganin wurin kango, sai jemagu da bola. Amma iyayenmu sun san shi da ransa. Tun da jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, mutane suke kwararowa daga Kano, Bauchi, Borno da Kudu neman aikin kuza, kuma da gidajen silima suka zo, nan ne lebura da ɗan kasuwa da malamin makaranta ke zama benci ɗaya suna kallon fim ɗin Indiya ko na kaboyi. Namu bai kai gidan silima na Kwararafa suna ba, amma shi ne namu. Kuma garin da ke riƙe da hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, bai kamata ya bar irin wannan gini ya rushe ba. Kaset ɗin bidiyo ne ya fara rage masa jama'a. Sai rikicin Satumbar 2001, da na 2008 da 2010, da dokar hana fita, suka ƙarasa shi. Kowa ya koma unguwar da yake jin ransa zai tsira, fitar dare ta zama tarihi.

Godiyarmu ta farko ga magadan mai ginin. An zo musu da kuɗi masu kauri don a rushe a jera shaguna, suka ce a'a. Wallahi ba kowa zai iya haka ba a wannan zamani. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa aljanna ce makomarsa.

Sai Baba, wanda shi ya riƙa juya majigi a gidan tun yana saurayi. Kullum da sanyin safiya yana nan da rigar sanyinsa da sandarsa. Ranar da birkila ya ɗauko bulo zai toshe 'yar tagar da hasken majigi ke fitowa, Baba ya riƙe masa hannu ya ce, "Yaro, ta nan fim yake fita, bar ta." An bar ta, har da tagar sayar da tikiti da ƙarfenta na asali. Shi ne kuma ya nuna mana inda tsohuwar magudanar ruwa ta bi, wadda toshewarta ce ta riƙa jiƙa gindin bango duk damina. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Kafintocinmu sun sauke kwanon da tsatsa ta cinye, suka canza katakon da gara ta ɓarnata, amma duk bencin da ke da sauran ƙwari sun kankare shi sun mayar. Masu walda da masu fenti da yawansu kuɗin kaya kawai suka karɓa. Iyayenmu mata kuwa ba su bar ma'aikata da yunwa ba, yau gwate, gobe masa da kunun gyaɗa. Mai unguwa ya tsaya mana a kan takardu. 'Yan'uwanmu na Abuja da Kaduna sun yi karo-karo aka sa sola.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne matasan coci da na masallaci da suka haɗu suna kwasar ƙasa kwano ɗaya, wasunsu iyayensu ba su taka wannan layi ba tun 2001. Ranar buɗewa na ga dattawa biyu, tsofaffin maƙwabta, sun riƙe hannun juna sun kasa magana. Mun gode da kuka amince kuka zo, kuka kuma zauna har aka tashi.

Da sauran aiki: banɗaki bai kammalu ba, kuma lasifikar da muka yi amfani da ita aro ce. Mai niyyar taimakawa ya samu kwamiti ranar Lahadi bayan la'asar a harabar gidan. Masu tsofaffin hotuna ko tikitin wancan zamani a ajiye, ku kawo mu ɗauki hotonsu mu mayar muku. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya zaunar da Filato lafiya.