Na koma nutso a Bahar Maliya wata 11 bayan aikin ƙashin bayana

Ranar da aka fito da ni daga ɗakin tiyata da kusoshi 4 da sanda 2 na ƙarfen titaniyam a gadon bayana, ba batun aiki ne ya fara zuwa raina ba, ruwa ne. Na shekara 6 ina nutso da tukunyar iska, tun ina karatu a Alƙahira nake hawa bas in tafi Dahab da ke gaɓar mashigin Aƙaba, har na kai matakin da aka yarda in sauka mita 30. Sai ciwon baya ya kama ni, faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙashin L4 da L5 ya zame ya danne jijiya, zafi na tsirgowa tun daga ƙugu har babban yatsan ƙafar hagu, daga ƙarshe dai aka ce sai an haɗe ƙasusuwan biyu. Wata 3 a kan kujera nake sallah, ko ruku'u ba na iya yi.

Da na faɗa wa Hajiya a waya cewa ina son komawa sai ta ce, “Kai ɗan nan, ruwa fa ba sa'an kwando ba ne, Allah ya tashi kafaɗunka kuma za ka koma?” Na ce Hajiya ki yi min addu'a, ba zan shiga ba sai likitoci sun yarda. Kuma na riƙe alkawarin nan.

Likitan da ya yi min aikin bai san harkar nutso ba, ya faɗa min gaskiya, abin da ya ce zai iya tabbatarwa shi ne ko ƙashin ya haɗe, kuma sai a wata na 10 hoton CT ya nuna ya kama sosai. Kafin nan kullum ina wajen gashin ƙashi, ana ƙarfafa min naman ciki da na ƙugu, ga tafiyar ƙafa ga iyo a tafkin wanka. Daga nan na nemi likitan masu nutso, to shi ne ya buɗe min ido. Ni tsorona kar matsin ruwa ya taɓa ƙarafan, tunda kowace mita 10 da ka sauka matsi na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya guda. Ya ce min ƙarfe da ƙashi ba iska a cikinsu, ba abin da zai matse. Damuwarsa daban ce. Har lokacin akwai wani ɗan fili a bayan ƙafata da ba na jin taɓawa sosai, kuma ciwon nan da ke kama mai nutso in ya taso da gaggawa, iskar naitirojin ta yi kumfa a jiki, in ya bugi laka da irin waɗannan alamu yake zuwa: mutuwar ƙafa, kasala, wani lokaci fitsari ya ƙi fita. Ya ce to in ka fito daga ruwa ƙafa ta mutu, ta yaya za mu gane tsohon ne ko sabo?

Sai ya ɗauki biro ya zagaye wurin a fatar ƙafata, ya gwada ƙarfin kowace gaɓa ya rubuta, na ɗauki hoto a waya. Wallahi wannan takardar ta fi min duk kayan nutson da na mallaka amfani, kullum tana cikin jakata, kuma duk jagoran da zan shiga ruwa da shi sai na nuna masa tukuna.

Na fara da kwas ɗin tuni a wuri marar zurfi, sannan muka je Lighthouse, can ƙarshen kasuwar bakin ruwa ta Dahab inda ake shiga da ƙafa a kan yashi. A nan na yi kuskuren da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Yaron shagon kayan nutso ya ce zai kai min kaya cikin ruwa, na ji nauyi, ga mutane suna kallo, na ce bar shi. Silindar alminiyam cike da iska ta kai kilo 16, ga rigar iska da ake hurawa don daidaita nutsewa, ga dalma kilo 8 a ɗamara don gishirin Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna yawa, yana ɗaga mutum sama, duk wannan na saɓa na taka abin da bai fi mita 40 ba. A cikin ruwa lafiya ƙalau, minti 35 a mita 10, na ga murjani na ga kifayen nan ja masu yawo garke-garke, sai da hawaye ya taru min a gilashi. Amma da dare baya ya riƙe, juyi ya gagara, na kwana ina latsa ƙafata ina duba zanen biron nan ko wurin ya ƙaru. Bai ƙaru ba, nama ne kawai ya ɗaure, sai dai kwana 4 na yi a kwance.

Tun daga ranar na canza komai. Kaya a cikin ruwa nake sawa, in na shiga ya kai min ƙirji sai a miƙo min, haka kuma nake cirewa kafin in fito. Ɗamarar dalma na jefar da ita don daidai kan tabon aikin take zama, yanzu a aljihunan riga nake raba nauyin. Bugun ƙafa ma na koma irin na kwaɗo, ya fi sauƙi a ƙugu, kuma na daina banƙarewa don in ga gabana. Ba na wuce mita 18, ba na shiga fiye da sau 2 a rana, iskar Nitrox mai kashi 32 na oksijin, wadda naitirojin ɗinta bai kai na iskar yau da kullum ba, nake shaƙa amma ina lissafin lokaci kamar iskar yau da kullum ce, tsayawar nan ta minti 3 a mita 5 da ake yi kafin a fito kuwa na mai da ita minti 5. Mashigar Bells da nake matuƙar so, ta wajen Blue Hole, wani wurin nutso kusa da Dahab, inda ake takawa kan duwatsu da kaya a baya, na haƙura da ita, kuma hakan yana min ciwo a rai.

Zuwa yanzu nutso 23 na yi bayan aikin. Hajiya har yau ba ta so, amma ta sassauta, sharaɗinta ɗaya ne, in na fito in kira ta kafin in ci abinci. Kafin kiran nakan zauna in cire takalmin roba, in shafa bayan ƙafar hagu da yatsa, in gwada da hoton da ke wayata.