Hanya mai lamba 3 da taswirar da Betty Hill ta zana

Da sassafe muka bar Boston, ni da ƙanina da ke karatu a can, cikin watan Oktoba lokacin da ganyen itatuwa ya koma ja da ruwan ɗorawa. Shi yake tuƙi. Tun muna gida na gaya masa cewa in dai ƙafata ta taka Amurka, sai na ga wurin nan da idona, domin na fi shekara goma ina koyar da lissafi, kuma babu shekarar da ɗalibi bai tambaye ni ko akwai wasu halittu a taurari ba. Wurin kuwa shi ne inda wasu ma'aurata, Betty da Barney Hill, suka ce halittun wata duniya sun ɗauke su cikin jirginsu a 1961, kuma labarinsu shi ne wanda aka ce yana da hujja a takarda: taswirar taurari da Betty ta zana.

Tafiyar ta ɗan haura awa biyu zuwa garin Lincoln a jihar New Hampshire, a gindin duwatsun da ake kira White Mountains. A bakin hanya mai lamba 3, kusa da wani masaukin baƙi mai suna Indian Head, muka sami allon. Kore ne, rubutunsa fari, hukumar jihar ce ta kafa shi a 2011 da abin ya cika shekara 50. Ba wani babban abu ba ne. Mota na iya wuce shi ba ta lura ba. Na tsaya gabansa hannuwana cikin aljihu saboda sanyi, na karanta sau biyu.

Abin da ma'auratan suka faɗa shi ne, a daren 19 ga Satumba 1961, Barney Hill ma'aikacin gidan waya da matarsa Betty ma'aikaciyar jin daɗin jama'a suna dawowa daga Montreal ta Kanada zuwa gidansu a Portsmouth, sai suka ga wani haske yana bin su. Suka tsaya, suka duba da tabarau mai jawo nesa, tsoro ya kama su. Sun isa gida da asuba, kuma daga baya suka lissafa cewa akwai kamar awa biyu da ba su san inda ta shiga ba. Bayan kwana goma Betty ta fara mafarkai a jere. A 1964 wani likitan ƙwaƙwalwa na Boston, Benjamin Simon, ya riƙa sa su cikin irin barcin nan da likita ke jawowa da magana, a nan ne labarin cewa an shigar da su jirgin halittun ya fito. Shi likitan bai yarda an ɗauke su ba. Ya fi karkata ga cewa mafarkin Betty ne ya yi naso har ya kama mijinta. A wannan lokacin ne Betty ta zana taswirar da ta ce an nuna mata: taurari 12 da layuka suka haɗa, da wasu ƙanana a gefe. Layin da bai yanke ba hanyar fatauci ce, in ji ta, mai ɗigo-ɗigo kuma inda ba a cika zuwa ba.

Muka ci gaba arewa, muka shiga mashigin Franconia Notch. Nan ne jikina ya yi sanyi. Hanyar matsattsiya ce, dutsen Cannon ya tokare sama ta hagu, duk kwanar da ka sha sai sararin ya canza, abin da ke gabanka ya koma gefenka. Na ce wa ƙanina ya rage gudu. Na tuna yadda muna yara a bayan mota daga Kano zuwa Zariya muke rantsuwa cewa wata yana bin mu. A wancan daren na 1961 akwai wata, kuma Mushtari, wato duniyar Jupiter, yana kusa da shi, shi ya sa wasu masu bincike suka ce shi suka gani. Ka haɗa da gajiya, tsakar dare, hanya babu kowa, ga baƙin mutum da farar mace a mota ɗaya a Amurkar wancan zamani. Ban ga alamar maƙaryata a tare da su ba. Mutane ne da wani abu ya razana, suka kwashe shekaru suna neman sunansa.

"To Yaya, taswirar fa?" in ji ƙanina. "Ai an ce an gano taurarin."

Muka tsaya wani gidan abinci, na ciro kwafin zanen daga jaka na shimfiɗa a tebur. Wadda ta gano ɗin malamar firamare ce daga jihar Ohio, Marjorie Fish, kuma duk cikin labarin nan ita ce ta fi shiga raina. Daga 1968 ta fara rataya duwatsun ado da zare a ɗaki, kowane ɗaya yana wakiltar tauraro a daidai nisansa da rana. Sai ta riƙa zagaya su, tana durƙusawa, tana leƙawa ta kowace kusurwa, ko za ta ga siffar zanen Betty. Ta yi amfani da kundin taurarin kusa na Gliese na 1969, ta cire waɗanda take ganin ba za su raini rayuwa ba, ta bar masu kama da ranarmu. Bayan shekaru ta ce ta samu: manyan da'irori biyu da ke cikin zanen su ne taurarin Zeta 1 da Zeta 2 na rukunin Reticulum, nisan tafiyar haske na shekara 39 daga nan. Mujallar Astronomy ta buga batun a Disamba 1974, gardama ta ɓarke.

Na roƙi mai kawo abinci 'yar takarda, na ɗora a kan zanen na kwafe ɗigogin kawai, ban da layi ko ɗaya. Na yi haka da na Fish. Na tura wa ƙanina su biyun.

Ya juya su, ya sake juyawa. "Wallahi Yaya, ba su yi kama ba."

Abin da masanin taurari Carl Sagan ya nuna ke nan a talabijin a 1980: layukan ne ke ɗauke da kamannin, su kuwa layukan mutum ne ya ja su. A matsayina na malamin lissafi, abin da ya fi damuna shi ne yawan 'yancin da aka ba mai nema. Kai za ka zaɓi taurarin da za su shiga, kai za ka zaɓi inda za ka tsaya ka duba, sannan a yi maka afuwa in ɗigo ya ɗan kauce. Da wannan sassaucin, ko gyaɗa ka watsa a tabarma za ka fitar da zanen. Shaida kuwa, wani mai suna Charles Atterberg ya sami nasa dacewar da wasu taurari dabam, ita ma Betty a 1965 ta ga taswirar rukunin Pegasus a jarida ta ce ya yi kama da nata. Makullin da ke buɗe ƙofa uku bai gaya maka gidan da ya fito ba.

Sai kuma aune-aune suka inganta. Tauraron ɗan'adam na Turai, Hipparcos, ya yi aiki daga 1989 zuwa 1993, ya sake auna nisan taurari sama da 100,000. Wasu daga cikin na Fish suka zama sun fi nisa da yadda kundin 1969 ya ce, wasu kuma aka gane tagwaye ne, irin waɗanda ita da kanta ta ce a cire. Su kansu Zeta biyun sun yi kusa da juna ƙwarai, ta yadda a ma'aunin wannan taswira ɗigo ɗaya za su zama, ba da'irori biyu masu tazara ba. Har yau ba a tabbatar da wata duniya tana zagaya ko ɗayansu ba. Fish ta rasu a 2013, kuma sanarwar rasuwarta ta ce da sababbin alƙaluma suka zo, ta bayyana cewa dacewar ba ta da ƙarfi. Macen da ta ba abu shekarunta, sannan ta iya faɗin haka, ni dai na sara mata.

Mun jira dare a wani fili da ke gefen hanya. Sama ta yi tas, sanyi yana shiga har ƙashi. Can gabas Kaza da 'ya'yanta ta ɗago, na nuna wa ƙanina, muka yi shiru muna kallonta kamar mun ga 'yar gida a baƙon gari. Ya tambaye ni ina Zetar take. Na ce ba za ta taɓa fitowa a nan ba, domin tauraruwar kudu ce, daga New Hampshire kullum tana ƙarƙashin ƙasa. Daga Kano kuwa tana ɗagowa kamar digiri 15 a kudu, kuma lokacin da ta fi tsayi shi ne daf da lokacin da Kaza ke tsakiyar sama.

Da na dawo gida, a wani daren Disamba da hazo ya ɗan lafa, na fita bayan ƙauyenmu da tabarau mai jawo nesa. Na jira Kaza ta zo saman kaina, na juya kudu, na sauke ido ƙasa-ƙasa ta saman wata kuka. Na daɗe ina lalube kafin na same su: ɗigo biyu dusu-dusu, manne da juna, kalarsu kamar ta ranarmu.