Shuɗin Akwati da Filin Ka'adan

Da aka raba mana batutuwan bincike a zangon ƙarshe na digiri na biyu, ni aka ba Larabawan da ke cikin Isra'ila. Na ɗauka aiki ya zo da sauƙi, domin tun ina yaro nake jin labarin Falasɗinu a rediyo da huɗubar Juma'a. Cikin mako guda na cika shafi takwas kan Gaza da Yammacin Kogin Jodan na kai wa malamina. Ya karanta shafi biyu, ya cire tabarau ya ce, "Ba waɗannan na ba ka ba. Ina masu riƙe da fasfon Isra'ila, masu jefa ƙuri'a a zaɓenta?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai duk ɗaya ne." Ya miƙo mini takarduna ya ce in je in yi karatu tukuna.

Na yi karatun kuwa, kunya ta rufe ni. Bayan yaƙin 1948 Larabawa kimanin 150,000 suka rage a cikin sabuwar ƙasar, a Nazarat da ƙauyukan Galili da hamadar Naƙab. An ba su takardar zama 'yan ƙasa, amma har 1966 suna ƙarƙashin mulkin soja, mutum ba ya barin garinsu sai da izini a rubuce. Yau zuriyarsu ta kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar. Suna asibitoci a matsayin likitoci, suna majalisar Knesset, Salim Jubran ma ya yi alƙalanci a Kotun Ƙoli. Duk da haka, bayan 'yan sanda sun harbe Larabawa 13 a zanga-zangar Oktoban 2000, hukumar binciken Mai Shari'a Or ta tabbatar a 2003 cewa gwamnatoci sun daɗe suna yi musu riƙon sakainar kashi.

Inda na fi daɗewa shi ne shari'ar Adel Ka'adan, ma'aikacin jinya daga Baƙa al-Garbiyya. A 1995 shi da matarsa Iman suka nemi fili a Katzir, sabon matsuguni kusa da garinsu. Aka hana su, ba a ma ɓoye dalili ba: Larabawa ne. Filin na gwamnati ne, amma ta hannun Jewish Agency aka raba shi, hukumar da Yahudawan ƙetare ke zuba wa kuɗi. A watan Maris na 2000 Kotun Ƙoli ƙarƙashin Aharon Barak ta ce gwamnati ba ta da ikon nuna bambanci a rabon fili, ko da hannunta ko da hannun wakili. Hukunci ya fito, amma sai da iyalin suka sha shekaru suna jeka-ka-dawo kafin filin ya shiga hannunsu.

Ina cikin bin diddigin lauyoyin da suka tsaya musu sai na tsaya cak. Ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta ACRI ce, ita kuma babbar madogararta New Israel Fund, asusun da Yahudawan Amurka suka kafa a 1979. Wato kuɗin ƙetare ne ya rufe ƙofar Katzir, kuɗin ƙetare ne kuma ya ɗauki lauyan da ya buga ta. Asusun nan ya tallafa wa Adalah, cibiyar lauyoyin Larabawa da aka kafa a 1996. Sunanta da kalmarmu ta adalci tushensu ɗaya.

Daga nan na gane abin da shuɗin akwati yake nufi. Ƙaramin gwangwani ne mai tsaga a sama, wanda Jewish National Fund (JNF), asusun sayen filaye na Yahudawa da aka kafa a 1901, ya baza a gidajen Yahudawa daga Landan har New York. Yara na jefa tsabar kuɗi a ciki kafin shigar Asabar, ranar ibadarsu, da zuciya ɗaya, don a sayi ƙasa a dasa itatuwa. Yau JNF na riƙe da kusan kashi 13 cikin 100 na filayen Isra'ila, kuma manufarsa tun asali ita ce filin na Yahudawa ne. A Naƙab, ƙauyen Badawiyyawa na Al-Araƙib an rushe shi fiye da sau 200, dashen itatuwan asusun na daga cikin abin da ake rigima a kansa. Wanda sulallansa suka kai can ba ɗan kallo ba ne, ko da bai taɓa taka ƙasar ba.

Ba zan rage wa masu ƙoƙari ladansu ba. Makarantar Hand in Hand ta Ƙudus, inda yaran Larabawa da na Yahudawa ke aji ɗaya da harsuna biyu, sunan attajirin Bayahuden Birtaniya Max Rayne take ɗauke da shi. Masu tsattsauran ra'ayi sun cinna mata wuta a 2014, yara suka koma aji. Amma na ga iyakar taimakon a Yulin 2018, lokacin da Knesset ta zartar da dokar da ta keɓe 'yancin cin gashin kai na ƙasa ga Yahudawa, ta kuma sauke Larabci daga matsayin harshen hukuma. Manyan ƙungiyoyin Yahudawan Amurka sun nuna adawa, dokar ta wuce da ƙuri'a 62 da 55. Ba su da ƙuri'a a can. Abin da ke hannunsu shi ne su tambayi inda kuɗinsu ke sauka, kuma a ganina har yanzu masu tambayar sun yi kaɗan.

Da na mayar da takardar, Malam ya bi ta da jan biro. Duk inda na rubuta "Yahudawa sun yi kaza" sai ya ja layi ya rubuta a gefe, "Waɗanne?" Na ƙirga, sau goma sha ɗaya. Dare biyu na yi ina sa wa kowane layi sunan hukumarsa da shekararsa, uku kuma na goge su, domin na rasa wanda zan ɗora wa.